Faifan sola a ƙofar Jufita

Ɗan yayata sana'arsa haɗa sola. A shekarun dumsor ya koye ta, lokacin da wuta kan tafi ta wuni ta kwana a Kumasi, masu walda da masu sayar da ruwan sanyi suna zaman jira. Yanzu da wuya ka ratsa Aboabo ko Asawase ba ka hango aikinsa a kan wani rufi ba. Cikin hunturun da ya wuce na tarar da shi a saman wani bene da tsumma da bokitin ruwa, mai gida yana ƙasa yana ƙorafin an sayar masa da fanel mai wat 300 amma ko 200 ba ya gani. Da yaron ya sauko sai ya ce mini, "Kawu, kai ka ce akwai kumbon da ya je Jufita da sola. Mu da rana ke tsakar kanmu, ƙura kaɗan ta hana mu sakat. Su can da me suke kunna kayansu?"

A tsaye na ba shi amsa, na ce ai girman faifan ake ƙarawa. Gaskiya ce, amma guntuwa, kuma tun ranar take damuna.

Wat 300 ɗin da ke rubuce a bayan fanel an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, fanel ɗin kuma yana da ɗumin digiri 25. A kan kwanon Kumasi da azahar zafinsa kan haura digiri 60, silikon kuwa yana rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru. Zafi da ƙura su ne abokan gabarmu a nan. Mai tura kumbo duniyar Jufita, wadda malamanmu na falaki ke kira Mushtari, nasa abokan gabar daban ne: ƙarancin haske, sanyi, da wani irin ruwan harsasai da ido ba ya gani.

Haska bango da tocila daga taku ɗaya, sannan ka ja baya zuwa taku biyu daga bangon. Hasken ya bazu a fili ninki huɗu, kowane ɗan wuri ya sami rubu'in abin da yake samu. Haka rana take yi. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne, kuma a saman iskar duniyarmu kowane murabba'in mita yana karɓar wat 1,361. A duniyar Mas abin ya sauka zuwa wajen 590. Jufita ta ninka nisanmu sau biyar da ɗoriya, saboda haka kashi ɗaya cikin 27 take samu, wat 50 ke nan, kamar ranar da hadari ya rufe sama ruf. A Zuhal mai zobe wat 15 ne. Fanel ɗin mai gidan nan, da za a kai shi Jufita, wajen wat 15 zai bayar, na cajin waya da ƙwan fitila ɗaya.

Kumbon Juno na hukumar NASA ta Amurka ya tashi a watan Agusta na 2011, ya isa Jufita a Yulin 2016, shi ne na farko da ya yi aiki a can da sola. Fikafikai uku gare shi, kowanne tsawon mita 9, ɗauke da ƙwayoyin sola 18,698, wato ƙananan sassan fanel da ke juya haske zuwa wuta. A kusa da duniyarmu suna iya ba da wat 14,000, abin da zai riƙe gidaje da dama a Sabon Zango. A Jufita wajen wat 500 suke bayarwa, rabin abin da dutsen guga na lantarki ke ja. Da wannan ake tafiyar da kwamfuta da rediyo da na'urorin bincike, a kuma ɗumama kumbon.

To me ya hana a ƙara girman kawai? Ana ƙarawa. JUICE na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda ya tashi a Afrilun 2023, faifansa murabba'in mita 85 ne. Europa Clipper, da ya tashi a Oktoban 2024, idan ya buɗe fikafikansa faɗinsa ya haura mita 30. Amma duk abin da aka ƙara sai roka ta ɗaga shi, kuma sai ya naɗu ya shiga cikin hancinta, ya jure jijjigar tashi, sannan ya warware da kansa a inda babu mai hawa da sifana. Kumbon Lucy ya nuna haɗarin. Ya tashi a Oktoban 2021 da faifai biyu masu zagaye, kowanne faɗin mita 7.3, masu buɗewa kamar mafici. Wata igiya ce ke jan faifan har ya zagayo ya kulle. A ɗaya daga cikinsu igiyar ta zame daga kan mazarinta, faifan ya tsaya gab da kullewa. Watanni aka yi ana jan ta kaɗan-kaɗan daga nan duniya, daga ƙarshe aka bar shi a buɗe kusan gaba ɗaya amma ba a kulle ba, kumbon ya ci gaba da tafiya a haka. Ga kuma wahalar juyi: jiki mai dogayen fikafikai nauyin juyawa gare shi, kuma idan ya juya sai fikafikan su yi ta rawa, kyamara ta jira su natsu.

Inda na fi son ɗan yayata ya tsaya ya duba shi ne cikin ƙwayar kanta. Babu ƙwayar sola da ta fito daga masana'anta ba ta da ɗan lahani: ƙananan hanyoyi ne da wuta ke sulalewa ta cikinsu ta koma ciki maimakon ta fita ta waya. A ɗauke ta kamar randa mai tsaga a gindi. Ranar da famfo ke zuba da ƙarfi ba wanda ya damu da tsagar, randa za ta cika har ta tumbatsa. Ranar da famfon ya koma ɗiga, tsagar nan ita za ta sha ruwan. Yoyon ƙwayar sola bai damu da yawan haske ba, matsin wutar da ke cikinta yake bi, wato boltej. Idan a nan yana cin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ƙwayar ke samarwa, a Jufita samarwar ta ragu sau 27, yoyon kuwa yana nan yadda yake, ya zama yana cin fiye da rubu'i. Ƙwayoyi biyu daga tukunya ɗaya, da suka ci jarrabawa da maki ɗaya a hasken duniya, sai ka ga a hasken Jufita ɗaya ta tsaya da ƙafarta, ɗaya ta durƙushe.

Sanyi kuma fuska biyu gare shi. A can faifan kan sauka ƙasa da sifiri da digiri 130 ko fiye. Fuskar alherin ita ce boltej yana hawa idan ƙwaya ta yi sanyi, har lafiyayyar ƙwaya takan fi iya juya haske zuwa wuta a Jufita a kan yadda take yi a nan. Ɗayar fuskar tana ɓoye a mahaɗar sassan ƙwayar, da inda ƙarfen waya ya taɓa ta. A wuraren nan akwai 'yan tudu kamar dokin ƙofa. Da ɗumi, ƙwayoyin lantarki suna da kuzarin da suke tsallake su ba tare da an ma san suna nan ba. Cikin tsananin sanyi kuzarin ya tafi, dokin ƙofa ya zama katanga, wuta ta taru a bayanta. Wannan ciwo ba ya nuna kansa a gwajin yau da kullum ko kaɗan. Shi ya sa masu wannan aiki suke da ɗakunan gwaji na musamman, inda ake sanyaya ƙwaya da ruwan naitirojin, a dusashe fitila ta koma daidai hasken Jufita, a auna, a tsince masu rauni a ajiye gefe. Kumbon Rosetta na Turai, wanda ya tashi a 2004 zuwa wani tauraro mai wutsiya, sai da aka ƙera masa ƙwayoyin silikon na musamman domin ƙarancin haske da sanyi, a kan faifai masu murabba'in mita 64.

Dalilin wannan tsince-tsince duk mai haɗa sola ya san shi. Ƙwayoyi a jere ake ɗaura su, wutar da ta bi ta ɗaya dole ta bi ta sauran. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano sun san ayari da tafiyar jakin da ya fi gajiya yake tafiya. Inuwar dish ɗin maƙwabci ta faɗa a kusurwar fanel, layin duka ya ja baya. A nan sai a matsar da fanel ɗin. A can ƙwaya ɗaya mai yoyo za ta riƙe 'yan layinta shekara da shekaru.

Ƙwayoyin da ake tura wa Jufita yanzu ba irin na rufinmu ba ne. Hawa uku ne a goye da juna. Na sama yana kama haske mai launin shuɗi da kore, na tsakiya, wanda aka yi da galiyam da asanik, yana kama ja, na ƙasa na jamaniyam yana tsintar hasken da ya wuce ganin ido. Da haka suke juya wajen kashi 30 cikin ɗari na hasken zuwa wuta, inda fanel mai kyau na kasuwa ke yin 20 da 'yan kai. Amma hawa ukun nan su ma a jere suke, dokar ayari tana aiki a cikin ƙwaya ɗaya.

Nan ne harsasan suka shigo. Maganaɗisun Jufita ya fi na kowace duniya da ke kewaya rana ƙarfi. Yana kama ƙwayoyi masu caji, da yawansu daga aman duwatsun wuta na watanta Io, ya yi ta wulwula su, har na lantarkin cikinsu su kusa gudun haske. Abin da ake kira radiyeshan ke nan. Kwamfutar Juno an ɓoye ta a akwatin ƙarfen taitaniyam mai kaurin santimita ɗaya, nauyinsa da kayan ciki wajen kilo 200. Faifan sola ba shi da wurin ɓuya, aikinsa ke nan ya tsaya a fili. Kowane harsashi da ya ratsa ƙwaya yana iya gusar da wani abu daga mazauninsa a cikin ginin ƙwayar, ya bar rami da wuta za ta riƙa faɗawa. Ana rufe kowace ƙwaya da gilashi mai kauri fiye da na sauran taurarin ɗan'adam, amma ɗan kaurin da aka ƙara a ninka shi sau dubu goma sha takwas, sai ya zama kaya. Kuma a ɗumin ɗaki wani sashe na irin wannan rauni yana warkewa da kansa, cikin sanyin Jufita kuwa yana daskarewa a yadda yake. Don haka ko gwajin sai a harbi ƙwayar tana cikin sanyi, a auna ta kafin ta ɗumama, in ba haka ba sakamakon zai yi daɗin baki.

Wani abu da ya burge ni ƙwarai: hawan tsakiya shi radiyeshan ya fi ci. To sai masu ƙira su ba shi rara tun farko, su yarda ƙwayar ta ɗan yi asara tana sabuwa, domin idan ta tsufa hawa ukun su zo daidai da juna. Ranar ƙarshen aiki ake yi wa lissafi. Da muna sayen batir da fanel da irin wannan tunani, da rigimar masu gida da masu haɗawa ta ragu da rabi.

Sauran kariyar a hanyar tafiya take. Juno ta kan Jufita yake shigowa, ya ratsa ta ɗan sararin da ke tsakanin gajimarenta da ɗamarar radiyeshan, ya fita ta ƙasa cikin 'yan awoyi, ya yi nisa, ba zai dawo ba sai bayan kwana 53 a zagayensa na farko-farko. Europa Clipper, duk da Europa, wani watan Jufita, zai je dubawa, ba zai zauna yana kewaya shi ba, domin watan a tsakiyar wutar yake. Jufita zai riƙa kewayawa, ya kawo ziyara kusan sau 50, kowane karo ya shiga ya fita.

Kafin a kai ga sanyin ma sai an bi ta zafi. Rokokin da suka ɗaga waɗannan kumbuna ba su jefa su can kai tsaye ba, sai sun yi zagaye suna aron gudu daga wasu duniyoyi. Juno ya wuce nisan Mas, ya dawo ya gifta ta gefen duniyarmu a Oktoban 2013. Hanyar JUICE ta bi ta Zara matar wata, inda hasken rana ya kusa ninka namu, shi ya sa aka shirya faifansa ya jure daga digiri 110 na zafi zuwa 230 ƙasa da sifiri. Da zafi boltej yana faɗuwa, amfiya, wato adadin wutar da ke gudana, tana da yawa, da sanyi kuwa akasin haka. A Juno an ɗaura layukan ƙwayoyin kashi uku masu tsawo daban-daban: dogaye na lokacin da yake kusa da rana, sauran ana shigo da su yayin da yake nisa. Aikin da kwantirola mai MPPT ke yi a ɗakin batir na gidajenmu, na lalubo inda fanel zai fi ba da wuta, dangin wannan ne.

Idan an gama duk wannan, abin da ya rage shi ne tattali, kuma tattalin nan shi ke mulkin kumbon. Kusan rabin wutar Juno a hita take tafiya, domin batir da man roka da na'urori ba sa jure daskarewa. Zagayensa an tsara shi ne ta yadda faifansa ba zai shiga inuwa ba. Amma a 2016 bawul ɗin babban injinsa ya ba da shakka, aka fasa gajarta zagayen zuwa kwana 14, aka bar shi a dogon. Sannu a hankali hanyar ta karkata, lissafi ya nuna ranar 3 ga Nuwamban 2019 zai shiga inuwar Jufita na tsawon awa 12, abin da zai tsotse batir, sanyi ya ƙarasa shi. Sai aka kunna ƙananan injinansa na tsawon awa goma da rabi ba tsayawa, daga 30 ga Satumba zuwa wayewar 1 ga Oktoba, ya kauce wa inuwar. Kumbon da aka yi wa wa'adin 2018 ya sami ƙari har zuwa 2025.

Rosetta shi barci ya yi. Da hanyarsa ta kai shi kusa da nisan Jufita, wutar ba ta isa ba, sai a watan Yunin 2011 aka kashe komai banda kwamfuta da 'yan hita, aka bar shi yana juyi a hankali yana fuskantar rana, wata 31 ba wanda ya ji ɗuriyarsa. An saita masa agogon farkawa ƙarfe 10 na safiyar 20 ga Janairun 2014, agogon GMT, wato namu na Ghana. Sai da ya ɗumama kansa, ya tsayar da juyin, ya nemo duniya, saƙonsa ya iso Darmstadt ta Jamus bayan ƙarfe 6 na yamma, muna shirin magariba a nan. Ɗan kumbon da ya goya, Philae, bai yi wannan sa'a ba. A Nuwamban 2014 ya sauka kan tauraron mai wutsiya, ƙugiyoyinsa suka ƙi kamawa, ya yi tsalle ya faɗa gindin wani dutse mai inuwa. Kwana biyu da rabi batir ɗinsa ya yi ya ƙare.

Mai karatu zai ce, duk wannan wahala, me ya sa ba a yi amfani da nukiliya ba? An yi. Voyager biyu na 1977, da Galileo, da Cassini da ya je Zuhal, da New Horizons da ya gifta Fuluto a 2015, duk da zafin fulutoniyam-238 suka yi aiki, wanda sai bayan shekara 88 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, kuma ba ruwansa da rana. Matsalar ita ce samunsa. Amurka ta daina yin sa a ƙarshen shekarun 1980, ta koma saye daga Rasha, sai a 2015 ta sake fitar da gram 50 na farko a Oak Ridge. Turai ba ta da irin wannan janareta tata, shi ya sa Rosetta da JUICE ba su da zaɓi. A ganina batun Jufita an gama shi, sola ta ci, kuma daidai ne a adana ɗan fulutoniyam ɗin da ake da shi domin inda babu makawa. A Zuhal kowane murabba'in mita zai ba da wat 4 zuwa 5, ana iya kokawa da hakan idan faifai sun ƙara sauƙin nauyi, irin waɗanda ake naɗewa kamar tabarma da aka gwada a kumbon DART na 2021. A Naftun kuwa, inda hasken bai wuce wat ɗaya da rabi ba, wat 500 zai buƙaci fiye da murabba'in mita dubu. Can ba wurin sola ba ne.

Akwai dabarar tsakiya, ta tattara haske da gilashi kamar yadda yara ke ƙona takarda da tabarau. Kumbon Deep Space 1 ya gwada ta a 1998 da gilasai 720, ta yi aiki. Tana maganin ƙarancin haske da sanyi a lokaci guda. Aibinta shi ne dole faifan ya kalli rana ido cikin ido. Ya ɗan kauce, wuta ta ɗauke, kuma ranar da kumbo ya rikice ya fara wulwulawa, ranar ce ya fi buƙatar wutar.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage gaba ɗaya. GhanaSat-1, wanda ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa tare da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, an sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Yulin 2017. Ɗan akwati ne mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyin kilo ɗaya, ƙwayoyin sola a manne a jikinsa, kuma masu shi sai da suka yi irin wannan lissafi na wat nawa ke shiga, wat nawa ke fita, da minti nawa za a yi a inuwar duniya a kowane zagaye. Ƙurar da ɗan yayata ke gogewa ma ita ce ta kashe motar bincike Opportunity a Mas cikin guguwar 2018, ta kuma shaƙe kumbon InSight a hankali har ya yi shiru a Disamban 2022.

Da na koma na yi masa bayanin randa mai tsaga, shiru ya yi, sannan ya ce, "Kawu, ashe da azahar ba a gane fanel mai ciwo." Haka ne kuwa, rana mai ƙarfi rufa wa yoyo asiri take yi. Yanzu idan sabon kaya ya zo masa, ba ya jiran rana ta take. Bayan sallar asuba yake jera su a tsakar gida, duk su fuskanci gabas, da gari ya fara haske ya bi su ɗaya bayan ɗaya da na'urar awonsa yana rubutawa a bayan kwali. A kayan da ya karɓa kafin azumi, guda biyu sun ja baya sosai alhali takardar bayansu iri ɗaya ce da ta sauran. Ya ɗora su a kan aboboya ya mayar wa dilan.